Ranar Kashe Tsohuwar Na'ura

Hannunta na kan wayar wuta ya tare ta.

"Madam, a dakata!"

Sati uku ke nan babban injiniyansu yana hana ta kashe tsohuwar na'urar da ke harhaɗa musu manhaja a Dogon Dutsi. Aiki ya koma sabon dandali a intanet, amma shi kullum da sabuwar hujja. Yau kam ta gaji, ta janye na'urar.

A bayan na'urar, daidai mafitar iska mai ɗumi, ga ƙwan zabi sha biyu cikin ƙwarya.

"Kazar da ke kwanci ta mutu," ya ce, kansa ƙasa.

"Saura kwana nawa su ƙyanƙyashe?"

"Ukku."

Ta zauna ta rubuta wa manyansu a Yamai cewa gwajin sabon dandalin bai ƙare ba.

"In sun fito, biyu nawa ne," ta ce.