Ragowar Zuciyar Ɗan Liman

Da ƙyallen likkafani a hannu limamin ya taso daga unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, ya zo ɗakin bincike karɓar ɗan naman zuciyar da ɗansa ya bayar don bincike kafin rasuwarsa. Duk abin da ke jikin mamaci, kabari ne makwancinsa.

"Baba, duba tukuna," in ji mai binciken, tana nuna masa madubin likita mai ƙara girman abu. "A kan roba mai siraran layuka muke renon ƙwayoyin halittar naman zuciyar. Layin suke bi su girma."

Ya sunkuya. Ga su nan sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa, suna bugawa tare.

Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya naɗe ƙyallen, ya sa a aljihu.

"Bar su, 'yata. Ba a yi wa mai motsi jana'iza."