Baban Nha Ba Ya Jin Turanci

Ruwan la'asar ya tsare su a wani aji da babu kowa, a makarantar ƙarshe da suka duba a Saigon. Khiem ya dubi allon, rabinsa Turanci, rabinsa yaren gida, ya taɓe baki.

"Diem, ki aure ni, mu sa Nha a waccan makarantar mai Turanci zalla."

Diem ta sunkuyar da kai. Tun rasuwar mijinta, kullum da safe 'yarta Nha kan kunna turare gaban hotonsa ta ba shi labari. Wani lokacin har ta yi shiru tana saurare.

"Yaya Khiem, babanta ba ya jin Turanci. In harshenta ya juye, da wa zai yi hira?"

Khiem zai yi dariya ke nan, sai ƙamshin turaren tsinke ya cika ajin. Kujerar da ke gefen Diem ta ja baya a hankali, kamar wani zai zauna.

Khiem ya haɗe tafukansa, ya rusuna wa kujerar.

"Nan za mu sa ta, Yaya. Uwar fa, ka ba ni?"

Diem ba ta dube shi ba. Kujerar take kallo, tana jira.