Kururuwa a Lambun Albasa

Wani ɗan tireda ne mahaifinsa ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki. Ranar farko tsohon yana motsa yatsu, yana kiran sunan jikokinsa. Da aka kwana biyu, harshen ma ya tafi. Ɗan ya rantse jifa ne daga maƙwabcinsu da kasuwa ta buɗe wa, har ya saka takalmi zai je ya same shi. Wani dattijo, tsohon malamin asibiti, ya riƙo hannun rigarsa ya ce, "Zauna, ɗana, in ba ka misali."

An yi wani mai lambu a bakin fadama, iyakarsu ɗaya da ƙaninsa. Albasarsa ba laifi, amma bai taɓa kallonta ba. Kullum idonsa na kan lawashin ƙanin, kore shar, yana rausaya kamar ana yi masa kiɗa, shi kuwa zuciyarsa na tafasa. Wata safiya curin laka ya faɗa hanyar ruwansa ya toshe ta, shukar can ƙarshe ta fara sunkuyar da kai. Maimakon ya bi hanyar ya duba, sai ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihu: an sace masa ruwa! 'Ya'yansa, waɗanda ya raina don tsaron lambun, suka kwararo da sanduna da fartanyu. Suka bi ta cikin shuka suna neman sawun ɓarawo, suna tono, suna tattakewa. Duk wanda ya ga ɓarnar ɗan'uwansa sai ya ɗauka ta ɓarawo ce, ya ƙara ihu. Kafin azahar an cire lakar, ruwa ya dawo, amma ya tarar lambun ya zama caɓi. Albasar ƙanin tana nan tana rausayarta.

"Haka ƙwaƙwalwa take," in ji dattijon. "Gudan jini ya toshe hanya, ƙwayoyinta suka ji yunwa suka yi kururuwa, dakarun jiki suka taso yaƙi alhali babu baƙo. Abin da toshewar ta bari, kumburin da suka tayar ya ƙarasa. Maƙwabcinku bai taka lambun nan ba."

Ɗan tiredan ya cire takalmin, ya koma ya riƙe hannun mahaifinsa, hannun nan da ba ya motsi.

Gaskiyar masu iya magana: da ɗan gari akan ci gari.