Tsohuwar Layi na Uku

Minti goma da fara lacca, Shugaban Sashe ya jiƙe sharkaf da gumi, alhali ba shi ne a kan mumbari ba. Ɗalibarsa ce, wadda ya shekara biyar yana rainon bincikenta a kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya. Gurbin koyarwa ɗaya ne tal, masu nema uku, kuma wannan laccar ce za ta raba gardama.

Ga kuma alƙalin da aka ɗora musu: Farfesa Dutse, mutumin da ɗalibai ke rantsuwa hannayensa biyu ba su taɓa gaisawa ba. A zauren nan kuwa, in bai tafa ba, ko ƙuda ba ka isa ka kashe ba.

Yarinya ta iso wani lissafi mai wuya. Ta kai hannu ta ja kunnenta na hagu. Shugaban Sashe ya runtse ido.

Raf! Raf! Raf!

Wata tsohuwa ce a layi na uku, da farin gilashi da mayafi ruwan toka, take tafi hankalinta kwance. Yarinya ta yi murmushi, ta ja numfashi, ta warware lissafin tsaf kamar mai tsefe kai.

Sau huɗu ana haka. Duk inda bincike ya yi tsauri, daidai gaɓar da sai gwani ke gane nauyinta, nan tsohuwa ke tafawa. Ko allon ba ta kallo. A na uku ɗalibai suka bi ta. A na huɗu, wallahi, Farfesa Dutse ya ajiye biro ya haɗa hannu, zaure ya ɗauka kamar ruwan sama a kan kwano.

"Tsohuwar nan wace jami'a ta baro?" Farfesa ya raɗa wa Shugaban Sashe bayan ya sa hannu a takardar ɗaukar yarinyar. "Shekara talatin ban ga mai bin lissafi haka ba."

Shugaban Sashe, baki har kunne, ya ratsa jama'a ya rusuna gabanta. Ya zuba mata godiya da Turanci mai maiƙo, ya tambayi fanninta.

Tsohuwa ta dube shi, ta kwashe da dariya.

"Ɗan nan, yi mini Hausa, ni ko 'zo in kashe ki' ban sani ba da Turanci. Yarinyar nan autata ce. Tun tana rarrafe, in tsoro ya kama ta sai ta ja kunne, ni kuwa sai in tafa mata ta taho."