Batirin da Na Cire

Ina shawo kwana na hango motar 'yan kwana-kwana a ƙofar gidana. Jikata fa na bari tana barci! Na yar da cefane, na ruga da takalmi ɗaya.

A falo na tarar da ma'aikacinsu kan tsani.

"Kwantar da hankalinki, Mama. Gida-gida muke duba na'urar jin hayaƙi. Taku babu batir, wa ya cire?"

Surukata, uwar jikar, da ke tsaye a gefe ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya. Ni ce. Ihun na'urar ke damuna in ina suya.

Ya sa sabo, ya danna. Na'urar ta tsala ihu, jikata ta farka ta taya ta. Na zauna daɓas. Wallahi ban taɓa jin hayaniya mai daɗin wannan ba.