Ɓangaren Ƙasa

Karo na uku ke nan Saminu mai gyaran kwamfuta yana kunna na'urar a kan teburin magatakardan kotu, tana tashi kai tsaye ba tare da ta tambayi komai ba. Balaraba ta damƙe gefen hijabinta, ta zuba wa allon ido.

A da ba haka na'urar take yi ba. Sa'ad da Mainasara, mijin Balaraba, ya kawo ta gida, in an kunna sai layi biyu su fito a baƙin allo, mutum ya zaɓi wanda zai shiga. Na sama Windows ne, da shi yake buga wa ɗaliban kwalejin Kaura takardu. Na ƙasa kuwa ya ce Linux ne, can ya adana aikinsa na makaranta tun yana difloma, kada kowa ya taɓa. Wata rana layukan suka ɓace, ya ce ɗaukewar wuta ce ta jawo.

Yanzu ga shi a tsare. Alhaji Yari na Shinkafi, wanda aka fasa wa shago bara, ya ce kwamfutarsa ce. Shaidarsa guda, shi ma ƙwanson na'urar kawai ya gane, kuma duk farare ne iri ɗaya. Amma tun da aka yanke hannun wani ɓarawo a jihar, Balaraba ba ta iya kallon hannun kowa ba tare da ta tuna da na mijinta ba.

Ita ta tuna da ɓangaren ƙasa. In aikin difloma yana nan da sunansa da shekararsa, ai ya girmi fashin shagon. Da ta kai wa Mainasara abinci ta gaya masa, sai ya ce ta bar wa Allah, kada ta wahalar da kanta. Ta ɗauka karaya ce irin ta wanda ya kwana a ɗaure. Yayansa ma ya ce ta zauna gida, shari'a ba ta mata ba ce.

Ba ta zauna ba. Dokar jihar ta hana duk mace hawa kabu-kabu, don haka da ƙafa ta ratsa kasuwar hatsi har bayan tashar jirgi ta nemo Saminu. Ta je Zurmi ta ɗauko kawunta Liman, ya roƙi alƙali a gwada na'urar a gaban kowa. Alƙali ya yarda.

Saminu ya share gumi, ya yi bayani a taƙaice. Ɗaki biyu ne a gida ɗaya. An sake ɗora Windows, shi kuma ya toshe ƙofar ɗayan, amma ɗakin na nan. Ya ƙara da cewa ɗaukewar wuta ba ta yin haka. Balaraba ba ta tsaya kan wannan ba.

"Don Allah Malam Saminu, ƙofar dai. Buɗe min ita."

Faifan gyara na farko da ya zura ya ƙi karantuwa. Na biyu ya kai rabi, janareta ya mutu, aka tayar. Alƙali ya dubi agogo ya ce azahar ta gabato. Mainasara na zaune kan benci tsakanin 'yan sanda, kansa a ƙasa. Balaraba tana ta salati.

Saminu ya buga wasu kalmomi, ya kashe, ya kunna. Layi biyu suka fito.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Na ƙasan."

Rubutu ya yi ta gudu, allon ya yi haske, hoto ya cika shi: yara mata uku cikin kayan salla, a ƙofar wani shago. Balaraba ba ta taɓa ganinsu ba.

Alhaji Yari ya miƙe a hankali, ya ce, "Allah gafarta Malam, waɗanga ɗiyana na."