Farar Ƙwayar Maginiya

Tunda ka ce ƙwaya ba ta kisa sai in an sha da yawa, zauna ka ji labarin wadda rashin sha ne ya kusa kai ta kushewa. Wata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye na hayin kogi, mace mai ƙwazo, randunanta har kasuwannin nesa ake kai su. Da girma ya fara kama ta sai sanyin ƙashi ya sauka a yatsunta, har ta kai in ta damƙi yumɓu sai hawaye. Ranar wata kasuwa mai tallar magani a kwali ya ba ta wata 'yar farar ƙwaya, ya ce ta riƙa haɗiya kullum da safe. Ai kuwa kamar an cire mata ƙaya. Ciwo ya tafi, ci ya buɗe, fuska ta cika ta yi zagaye kamar faifai, har mata na tsokanarta a bakin rijiya, "Inna, wallahi hutu ya karɓe ki!" Ita ma baiwar Allah ta yarda. Hutu kam an samu, amma ba ita ta same shi ba. Ka san a kan kowace ƙodar ɗan Adam akwai wani ɗan ƙullutu zaune kamar hula, bai kai babban yatsa ba. Aikinsa ya tatso wani sinadari ya zuba a jini, da yawa da asuba, kaɗan da yamma. Sinadarin nan ke riƙe ƙarfin gudun jini, shi ke tanadar wa jiki sukari in ciki ba komai, in kuma zazzaɓi ko firgici ya zo, shi ake ninkawa mutum ya tsaya da ƙafarsa. Sai dai ƙullutan ba sa motsi sai an aike su. Wani ɗan'uwansu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake ɗanɗana jini, in ya ji sinadarin ya yi ƙasa ya turo musu saƙo. To, farar ƙwayar nan kwaikwayon wannan sinadari ce. Kullum mai aike ya ɗanɗana sai ya ji jini a cike, ya ja bakinsa ya yi shiru. Su kuma da suka ga ba mai tashinsu suka miƙe ƙafa, damina ta wuce, rani ya wuce, har suka motse don rashin aiki.

Da damina ta sake zagayowa kogi ya cika ya cinye hanya, mai kwali bai ƙetaro ba, ƙwaya ta ƙare. Ko a jikinta, ta ce ai ta warke. Ba a daɗe ba ta fara tashi da wata irin kasala, sai kuma ga ɗan zazzaɓin sauro, irin wanda a da take yi tana aikinta. Wata rana da hantsi ta miƙe daga gaban yumɓu, duniya ta yi mata duhu, ta zube a cikin ɗanyun tukwane. Amai ya biyo, ciki na murɗawa, gumi mai sanyi ya jiƙa ta, ta ji bugun zuciyarta ya koma siriri can nesa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, domin ba ta ga abin da ke kashe ta ba: ba maciji, ba rauni, ba ta ci komai a gidan kowa ba. A can ciki mai aike na ta turo saƙo, babu mai amsawa. Dangi suka ce jifa ne daga masu baƙin cikin ƙibarta, aka turnuƙe ta da hayaƙi, aka ɗura mata jiƙo ta amayar. Tana jin su, harshe ya yi nauyi, ta fara kalmar shahada a zuci. Da ƙyar ƙanenta ya ƙwace ta ya sa a kwalekwale, ruwa na marin gefensa, ya kai ta asibitin birni. Likita ta dubi fuskar, ta taɓa fatar hannun da ta sirance, ta ce, "Wace ƙwaya take sha?" Aka yi mata allurar irin sinadarin nan, numfashi ya dawo. Aka mayar da ita kan ƙwayar, aka gaya mata irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake janye ta ko ƙullutan nan za su farka, kuma wasu kan farka, wasu sun tafi ke nan. Har yau nata ba su gama farkawa ba. Duk ranar da aka rage mata, sai ta zauna a bakin gado tana sauraren jikinta kafin ta yarda ta miƙe. In jikarta ta yi atishawa kusa da ita, sai gabanta ya faɗi, don ta san mura kaɗai ta isa ta kayar da ita.

Gaskiyar Hausawa da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.